Kafin a Sa wa Yayanki Wuƙa

Ranar Asabar

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya tarin ƙaramar? In har yanzu kina barinta tana shan ruwan firji, kada ki kawo mini ƙara. Ki gaishe da surukarki, kuma ki riƙa zuwa da ƙafarki, gaisuwar waya ba ta isa babba ba. Mu nan muna lafiya, sai abin da zan faɗa miki.

Na zaɓi in rubuto ne domin ke a waya kuka kike fara yi kafin mutum ya kai aya, ni kuma in na ji kuka faɗa nake yi. Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki kira kowa.

Yayanki ba shi da lafiya. Ciwon babanku ne, ciwon dajin nan da ke kama ƙullutun da maza ke da shi a ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet. Wata huɗu yana ɓoyewa. Matarsa ce ta zo ta faɗa mini ranar Laraba, tana tsaye a ƙofar kicin, na yi na yi ta zauna ta ƙi. An yi gwajin jini, an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito. Mutum mai shekara hamsin da biyu, amma sai da matarsa ta saci jiki kafin uwarsa ta ji. Na faɗa masa ra'ayina a kan wannan, ba sai na maimaita miki ba.

Kin san inda ya je. Wajen Tsohon Likita, wanda ya duba babanku har ƙarshe. Shekaranjiya na bi su. Auta, shekara goma sha huɗu, amma ko ƙusa ba a sauya ba a asibitin nan. Bencin nan mai tsaga a tsakiya da ke cizon zane yana nan. Agogon bango har yanzu yana gaba da minti goma. Koren labulen da ake ja in za a duba mara lafiya shi ne dai, sai kodewa da ya ƙara. Na zauna inda na saba zama ba tare da na zaɓa ba, ƙafata ce ta kai ni. Da yayanki ya fito daga bayi ya tsaya a bakin ƙofa ya dafa ƙugunsa da hannun hagu, saura kaɗan in ce masa "sannu, maigida".

Tsohon Likita ya tsufa ƙwarai. Ya tashi ya gaishe ni, yana ta "Malama, Malama", ya dafa kafaɗar yayanki ya kira shi ɗansa. Fayil ɗin yana gabansa bai buɗe ba. Ya ce aikin da ya yi wa uban shi zai yi wa ɗan, minti arba'in an gama, kwana biyu ya koma gida. Ba zan rubuta sunan aikin ba. Ke matar aure ce, kin gane. Shi ne wanda ake raba namiji da abin da ba ya dawowa, domin a rage wa cutar ƙarfi. Ya sa rana, Alhamis ta sama, kwana goma sha biyu daga yau.

Matar yayanki ta yi ta maza ta tambaya, a ladabce, ko ba za a fara ɗaukar hoton ƙashi ba a ga inda cutar ta kai. Ya yi dariya ya ce, "Amarya, wayar hannu ce ta ba ki digirin?" Nas ta yi dariya, yayanki ya harare ta, ta sunkuyar da kai. A da ni ce zan fara tsawata mata. Wannan karon ban tsawata mata ba.

A mota na ce wa yayanki ya kamata a ji ta bakin wani likitan kafin ranar. Ya juyo ya dube ni har mai babur ya yi masa hon. Ya ce, "Umma, ba ke kika koya mana cewa yawon asibitoci rashin godiya ne da rashin tawakkali ba?" Ya ce mutumin da ya yi ta zuwa gidanmu da ƙafarsa yana duba Baba, wanda ya tsaya a sahun gaba ranar jana'iza, ba shi zai kunyata ba. Kalmomina ne, har da inda nake jan numfashi. Na tarbiyyantar da shi da kyau, ga shi ya hana ni hanya.

Tun ranar, in na idar da la'asar gidan ya yi shiru, sai in ji jan silifa daga ɗaki zuwa bayi, a tsaya, a dawo, a sake komawa. Na san babu kowa. Ni ba mai camfi ba ce, kada ki je kina faɗa wa mutane uwarki ta fara ruɗewa. Amma jiya sai da na tashi na leƙa, na tarar da buta a inda na ajiye ta.

Kada ki kira shi da kuka. Kada kuma ki tayar da maganar da ta wuce tsakanina da ke a lokacin ciwon babanku, ba lokacinta ba ne. Ki yi masa addu'a, ki sa yaran su yi.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki

Ranar Talata

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gidan gaba ɗaya, da fatan ƙaramar ta samu sauƙi. Na ga saƙonki a waya. Na ce kada ki tayar da maganar, kin tayar. "Ai na faɗa miki tun wancan lokacin" ba kalmar da 'ya ke rubuta wa uwarta ba ce, ko da 'yar ta haifi goma. Na yi niyyar in cika takardar nan da wannan. Na fasa, domin akwai abin da ba ki sani ba, kuma ya fi abin da kika sani muni.

Abin da kika sani shi ne, kin dawo hutu daga makaranta kin ce a kai babanku babban asibiti a sake dubawa, na mare ki a gaban baƙi, na ce ilimin shekara biyu ya sa kin raina manya. Ga sauran.

A lokacin akwai wani ƙaramin likita da ke aiki a ƙarƙashin Tsohon Likita, siriri, mai tabarau, rigarsa kullum ta yi masa yawa. Ba za ki tuna shi ba. Kwana uku kafin aikin babanku ina tsaye a tagar karɓar magani, sai ya zo ya tsaya kusa da ni kamar shi ma layi yake bi. Bai dube ni ba. Ya ce a ganinsa cutar tana iya yiwuwa ba ta bar wurinta ba tukuna, in haka ne akwai masu cire ta gaba ɗaya, amma sai an ɗauki hoto an tabbatar, kuma a nan ba su da na'urar. Ya tura mini takardar magani a ninke, a bayanta ya rubuta sunan wani ƙwararre da ranar da yake ganin mutane. Ya ce, "Don Allah, Mama, kada ki ce ni na ba ki."

Kin san ni. Shekara talatin ina akawu a ofishin makaranta, na ga yadda ƙananan ma'aikata ke cin naman shugabansu a bayan ido, kuma ba abin da na tsana kamarsa. Na dubi yaron nan na ga munafuki, yana cin albashin mutum yana kore masa marasa lafiya. Na ce a raina mai gaskiya a gaban kowa yake magana. Washegari na shiga ofishin Tsohon Likita na ajiye takardar a kan teburinsa, na ce ya san wa yake riƙe da shi. Ya gode mini. Kafin a sallami babanku yaron ya bar asibitin. Na fito ranar ina jin na yi aikin lada.

Babanku bai taɓa sani ba. Ya yi shekara biyu da wata huɗu bayan aikin. Wata bakwai na ƙarshe ke da kanki kin ji abin da ƙasusuwansa suka sa shi yake faɗa. Ban sani ba ko hoton zai sauya wani abu. Na sha gaya wa kaina kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, kwana ne ya ƙare. Amma takardar a hannuna aka sa ta, ba a hannun kowa ba.

Jiya na je babban asibiti ni kaɗai, ban faɗa wa yayanki ba. Na nemi ɓangaren masu ciwon mafitsara. Dogon baranda ne cike da dattawa, kowa da fayil a hammata, ƙofar bayi ba ta minti ɗaya a rufe. Wani mai farin gemu ya matsa mini wuri ya ce, "Hajiya, ke ma kin shigo ƙungiyar 'yan buta? Ai ba ma ɗaukar mata." Suka yi ta dariya. Na ce masa da shekarunsa ya ji kunya. Ya ce kunyar tana gida, an hana shigowa da ita nan.

Na tambaye su wane likita ne na kirki. Mutum bakwai, suna bakwai. Wanda wannan ya rantse da shi, na kusa da shi ya ce shi ya kashe masa ƙane. Wani ya ce in nemi mai fara'a, wani ya ce mai fara'a shi ne abin tsoro. A bakin get wani mai kwat ya cusa mini kati, wai maigidansa yana narkar da cutar da garin magani cikin sati uku ba wuƙa. Na mayar masa na ce ya ji tsoron Allah. Na tambayi sunan ƙwararren da aka rubuta mini a wancan lokacin, domin ban manta shi ba ko harafi ɗaya. Mai ba da kati ta ce ya rasu shekara shida da suka wuce.

Na zauna a tashar bas ina tunani. Ta yaya mutum ke gane likitan da zai ba amanar ɗansa? Ni da na yi zaton na iya karanta mutane. A duk rayuwata likita ɗaya na sani da ya faɗa mini magana alhali maganar za ta cuce shi, kuma ni ce na sa aka kore shi. Shi zan nema. Tsohuwar nas ɗin asibitin, wadda kuke kira Sista Mai Allura, tana da shagon magani yanzu. Gobe zan je.

Saura kwana tara. Ki ƙona wannan takardar ko ki ajiye, ya rage naki. Yayanki kada ya ji daga bakinki.

Ki gaida maigidanki.

Mahaifiyarki

Ranar Asabar

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ban ji daga gare ki ba tun wasiƙar Talata, kuma ban ga laifinki ba. Duk da haka ki sani shiru ga uwa ba ya wuce kwana uku, ko me ta yi.

Na sami Sista. Ta yi ƙiba, tana zaune a bayan kanta tana ƙirga ƙwayoyi da cokali. Da na faɗi wanda nake nema ta ajiye cokalin ta ce, "Malama, ke? Me ya rage masa da za ki karɓa?" Ashe duk asibitin sun sani. Shekara goma sha huɗu ina wucewa suna gaishe ni da ladabi, suna sane. Ta bar ni a tsaye ta sallami mutum uku kafin ta rubuta mini kwatance.

Yana wani ƙaramin asibitin yara a ƙarshen gari, bas biyu da tafiyar ƙafa. Na karɓi lamba kamar kowa na zauna cikin masu goyo, ni kaɗai ba yaro. Bango duk zanen giwa da agwagwa. Wata yarinya mai jego ta tambaye ni ina jikan, na ce mata nawa ɗan ya girma.

Likitan ya yi furfura a gefen kunne, tabarau ɗin ya ƙara kauri. Na fara gabatar da kaina, ya ɗaga hannu ya ce ya gane ni tun daga yadda na riƙe jaka. Bai ce in zauna ba, bai ce kada in zauna ba. Na zauna a kujerar da aka yi don uwa mai riƙe da jariri, na faɗa masa komai game da yayanki. Ya saurara yana juya biro. Tambaya ɗaya ya yi da ba ta shafi yayanki ba. Ya ce, "Maigidan ya yi shekara nawa bayan nan?" Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

Ya ce shi yanzu likitan yara ne, ba zai ce komai a kan cutar da bai gani ba. Amma ya yagi takarda ya rubuta suna biyu. Na ce ɗaya ya isa, wanda ya fi yarda da shi. Ya ce a'a, biyu, domin kada in sake ɗora wa mutum ɗaya abin da ya fi ƙarfin mutum. Ɗaya mai fiɗa ne, ɗaya mai gasa cutar da haske, kuma kowannensu zai fi ganin kyan nasa aikin, don haka a ji duka. Ya ce in tambayi mai fiɗar sau nawa yake irin wannan aikin a shekara, da abin da ke samun mutanensa bayan an gama, da wa yake shawara da shi kafin ya yanke hukunci. Ya ce in faɗa masa a fili cewa za mu ji ta bakin wani, in kalli fuskarsa. In ya ɓata rai, mu ɗauki fayil mu fita.

Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Naman da aka ɗiba ba a zubar da shi. Ɗakin gwaji na yanka shi siriri su manna a kan 'yan gilasai su adana. Ƙwararren ba zai tsaya a kan takardar sakamako kawai ba, zai so nasa mutumin ya sake duba gilasan da idonsa. Sai an je an karɓo.

Da na miƙe na ce masa ina da magana a kan abin da ya wuce. Na shirya ta tun a bas, jimla uku. Ya dubi ƙofa ya ce, "Mama, akwai yara masu zazzaɓi a waje." Ya danna ƙararrawa. Ban samu na faɗa ba. Na fito da jimlolina yadda na shiga da su.

Jiya ni da matar yayanki muka je ɗakin gwajin. Yana hawa na biyu a saman wani shagon tayoyi, warin maganin da ke wurin irin na ɗakin da aka ajiye babanku ne kafin a ba mu shi. Akawun wurin ya ce gilasan suna nan, guda shida, amma ba ya ba kowa sai mai naman ya sa hannu a fom. Na ce ni na haife shi. Ya ce, "Hajiya, ko ke kika ƙera shi, sai ya sa hannu." Na so in yi masa faɗa, sai na tuna sau nawa na faɗa wa iyayen yara irin wannan ta tagar ofishina.

A matakala matar yayanki ta riƙe hannuna. Ta ce ta roƙi mijinta har ta gaji, ya ce in ta sake tayar da maganar zai tafi asibitin shi kaɗai. Ta ce ta san sa hannunsa kamar nata, ni ma na sani, wa zai gane? Auta, na karɓi biron. Na ɗora fom ɗin a kan jakata a nan matakalar. Ni da na sa aka kori ɗalibai saboda sun kwaikwayi sa hannun iyayensu. Abin da ya tsayar da ni ba tsoron Allah ba ne kaɗai, Allah ya yafe mini. Na ga cewa ko mun samu gilasan, ba su za a kwantar ranar Alhamis ba, shi ne. Kuma na riga na taɓa yanke wa namiji ɗaya hukunci a bayan idonsa.

Ba zai sa hannu ba muddin yana ganin abin da aka yi wa babansa shi ne iyakar abin da ake iya yi. Mutum ɗaya ne zai iya gaya masa ba haka ba ne, kuma ni ce. Gobe zan same shi a wurin aiki, inda ba zai iya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ba.

Saura kwana biyar. Ki yi mini addu'a, in kina iyawa.

Mahaifiyarki

Ranar Juma'a

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yaran da ubansu. Na ga kiranki sau biyu ranar Lahadi, ban ɗauka ba domin ba ni da murya. Na gode.

Na sami yayanki ranar Lahadin a shagonsa na kafinta bayan azahar, shi kaɗai, yana yanka katakon wata ƙofa. Ya rame, wandon aikinsa har ya ƙara wa bel ɗin huda. Ya kashe injin ya share mini kujera da hularsa, ya ce, "Umma, in maganar nan ce, na riga na gama." Na ce ba ita ba ce, wata ce da ta girme ta. Ban zauna ba. Na faɗa masa kamar yadda na rubuta miki, tagar magani, takardar, teburin Tsohon Likita, ban rage ba, ban kuma yi wa kaina ado ba. Garin katako yana ta sauka a kan takalmina ina kallo.

Bai yi ihu ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Baba ya sani?" Na ce a'a. Ya ce, "Lokacin da yake kiran sunanki yana cewa ki yi wani abu, kina da wannan a cikinki?" Na ce e. Ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa awon taga. Na ajiye fom ɗin a kan bencinsa na danne da guduma. Ya kunna injin. Na tsaya kaɗan, na ga ba zai kashe ba, na tafi.

Litinin ba labari. Na share gidan nan sau biyu, na wanke labulen da ba su yi datti ba. Talata da hantsi matarsa ta shigo ko sallama ba ta gama ba, ta miƙo mini fom ɗin. Ya sa hannu, ya danna biron har ya huda takardar. Ta ce a kan firji ta tarar da shi.

Muka je muka karɓo. Ɗan akwati ne na roba, bai kai tafin hannu biyu ba. Akawun ya buɗe ya ƙirga a gabanmu, gilasai shida, kowanne da ɗan tabo ja-ja kamar an goga jan baki. Ya ce kada su sha rana, kada su faɗi. A bas na ɗora shi a cinya na rufe da mayafi na riƙe da hannu biyu. Rabon da in ɗauki yaron nan a cinya shekara hamsin.

Laraba na je wajen Tsohon Likita karɓar fayil, na ce a ɗaga aikin za mu ji ta bakin wani. Na kalli fuskarsa kamar yadda aka ce in yi. Ya ce, "Malama, har ke?" Ya ce shekara arba'in yana wannan aikin, yaran yanzu na'ura ce ke yi musu tunani. Na tuna masa ƙaramin likitan nan mai tabarau. Ya ce yara da yawa sun wuce ta hannunsa, bai tuna ba. Na yarda bai tuna ba, kuma wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da faɗan. Ba mugu ba ne, Auta, kada ki zage shi. Abin da ya iya shi yake yi, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya tsaya. Wanda ya gwada, kin san yadda aka yi. Ya turo fayil ɗin da bayan hannu, bai raka ni ƙofa ba.

Jiya Alhamis, a daidai lokacin da za a shiga da yayanki ɗakin fiɗa, muna barandar 'yan buta muna jiran mai fiɗar da aka rubuta mana. Yayanki ya zo da kansa, ya tuƙa mu. Dattijon nan mai farin gemu ya gan ni ya ce, "Hajiya ta kawo mana sabon memba." Yayanki ya yi ɗan murmushi, shi ne na farko da na gani a sati biyu, kuma ba ni aka yi wa ba.

Na rubuta tambayoyina a takarda, da lamba. Da aka kira sunansa na miƙe na gyara mayafi, kamar yadda na shiga gaban kowa a kowane ɗakin likita tun kuna yara. A bakin ƙofa ya juyo. Ya karɓi akwatin daga hannuna, ya karɓi takardar tambayoyin ya ba matarsa. Ya ce, "Umma, ki jira a nan." A hankali ya faɗa, ba wanda ya ji sai ni. Aka rufe ƙofa.

Minti hamsin na yi a bencin. Ban san mutum na iya jin ƙarar takarda ta cikin ƙofa ba.

Ga abin da matarsa ta faɗa mini a hanyar fita. Ba za a taɓa shi da wuƙa ba sai an sake duba gilasan, an ɗauki hoton ƙashi da na ciki. Likitan ya ce daga abin da ya gani akwai kyakkyawan zato cutar ba ta bar wurinta ba, in haka ne maganar warkewa ake yi, ba ta rage ƙarfi ba, amma ba zai yi alkawari ba kafin hoto. Ta yi masa tambayoyin duka, ya amsa da lamba ba da dariya ba. Da ta ce za su ji ta bakin mai gasa cutar da haske, ya ce dole ma, ya ɗauki waya ya nema musu rana da kansa. An ce a dawo ranar Litinin ta sama a ji sakamako.

Abin da na nema na samu. Yana nan da jikinsa cikakke, kuma wasu idanu za su duba. Bai zo gaishe ni yau ba, karo na farko da ya tsallake Juma'a tun da ya yi aure. Ba zan aika a kira shi ba, ke ma kada ki yi masa faɗa a kaina.

Ke ce da gaskiya a wancan lokacin, na mare ki a kan gaskiya. Na rubuta da hannuna domin ki samu a rubuce.

Yanzu ki saurara. Ranar Litinin ɗin nan za a faɗi abubuwa masu nauyi, matarsa ita kaɗai ba za ta riƙe duka ba, shi kuma in ya ji tsoro kunnensa toshewa yake yi, kamar ubansa. Yana bukatar nasa a ɗakin, wanda in ya ce masa "tsaya mu sake tambaya" zai tsaya. Ki nemi izinin maigidanki, ki bar yaran wajen surukarki, ki taho ranar Asabar ta sama. Ki zo da littafi da biro biyu, ki sa tufafin mutunci. Zan raka ku har barandar. Ke za ki shiga.

Allah ya kawo ki lafiya, ya ba shi lafiya.

Mahaifiyarki